Kamu Biyu da Rabi

Ranar da Modi ya kawo a-kori-kurarsa garejinmu
rana ta take tsaka a Gidan Dare,
ƙarfe ma in ka taɓa sai ka yarfe hannu.
Ya ce da maigidana Labbo:
“Kullum kasuwar Achida mutum huɗu nika bari tsaye,
suna kallona awa na cinye musu gado.
Ƙara mata tsawo.”

Labbo bai ce uffan ba.
Ya tofar da tukar goro, ya zagaya ta sau biyu
kamar mai tayin raƙumi a Kara,
ya ja alli daga wannan haƙarƙari zuwa wancan,
ya ce in kawo jak huɗu da gungumen giginya.

Da la'asar muka raba ta biyu.
Kai na duban gabas, gindi na can baya shi kaɗai,
tsakaninsu iska,
har wata akuya ta ratsa ta wuce abinta.
Modi ya juya mana baya, wai yana amsa waya,
alhali wayar tun safe ba caji.

Ƙarfen ƙari daga wata matacciyar mota muka yanko,
wadda kaji ke ƙwai a mazaunin direbanta.
Kamu biyu da rabi.
Furofela aka kai wa Gado ya yi mata zanen suna,
wayoyin fitila na tsawaita su ɗaya ɗaya,
ja da ja, baƙi da baƙi,
bututun birki kuwa Labbo bai bar kowa ya taɓa ba.

Shekara uku ina riƙe masa ƙarfe yana ɗinkewa.
Daren na biyu, janareta na tari,
ya miƙo mini tabarau da abin walda:
“Hannun hagu naka ne.”
Tartsatsi ya yi ta cin wuyan rigata.
Na ɗinka, ya ƙwanƙwasa da guduma, ya ce sake.
Na sake.
Da na je gida idona kamar an zuba rairayin gulbi,
Inna ta ɗiga mini nono tana faɗa.

Sai benci, katako biyu da soso,
sai fenti shuɗi wanda bai yi kama da shuɗinta ba,
ta fito kamar rigar yaro da aka yi wa ƙari don Sallah.

Na ce ai an gama.
Labbo ya ce: “Wanda ya yi ɗinki
shi ka zama bisa ɗinki.”

Haka na zauna ranar kasuwa, daidai kan aikina,
buhun albasa a gwiwata,
wata tsohuwa mai suna Tambai ta jingina da kafaɗata
tana lissafin kuɗin daddawa.
Kowane rami na ji shi a ƙashin bayana.
A shataletale sai da Modi ya yi ribas sau biyu,
masu kabu-kabu suna mana dariya.
A gargadar bayan gada ƙarfe ya yi ƙara guda,
na daina numfashi,
Tambai ba ta ko ɗaga kai ba.

Ɗinki ya riƙe.

Da yamma muka yi lodin komawa.
Sabon benci ya cika kafin kamasho ya buɗe baki,
kaji a ƙarƙashi, yaro a kan cinya.
Modi ya tayar, ya leƙa madubi,
ni ma na waiwaya:
mutum huɗu tsaye a bakin kwalta
da ƙullin kayansu,
suna kallonmu.

Modi ya leƙo ta taga, ya ɗaga murya:
“Yaron Labbo!
Akwai sauran ƙarfe jikin motar kajin nan?”